Rufin kwano mai shekara 18, a ɗora masa fanel ɗin sola haka ko sai an fara gyara? Dan Allah masana ku shigo

Baban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar sola da kuma kafintoci masu aikin rufi in akwai su anan. Ni a Kano nake, gidan mahaifinmu ne Allah ya jiƙansa, a 2007 aka rufe shi, yanzu ni da iyalina da Hajiyarmu muke ciki, ɗaki uku da falo a jere sai kicin da banɗaki a tsakar gida. Tun duhun nan na watan Oktoba 2024 da kusan duk arewa aka yi kwana da kwanaki babu wuta na ƙudurta a raina ko me zan saida sai na sa sola, saboda Hajiya tana da ciwon suga kuma allurar insulin ɗinta sai a firij, a lokacin nan ƙanƙara muka dinga saya muna zubawa a kula muna lulluɓewa da bargo, wata rana ma a zaga unguwa a rasa ƙanƙarar, ga man janareta tunda aka cire tallafi a 2023 ba a magana. To Alhamdulillahi na ɗebi adashi ƙannena ma sun taimaka, yanzu kuɗin fanel 6 masu wat 550 da inbata da batir ɗaya na litiyom sun haɗu.

Abinda ya tsaya min a rai shine rufin. Wanda aka haɗa ni dashi zai yi aikin ya zo jiya, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya kalli kwanon yace ba matsala, in na shirya jibi ma zai zo da yaransa, ko tsani bai nema ba. Ni kuma nasan rufin nan, kwano ne irin na da ba longspan ba, ta ɓangaren gabas ya fara yin ja, kuma a falo akwai wata kusurwa da duk damina sai mun tara bokiti, silin ɗin wajen har ya yi baƙi ya ɗan lotsa. Rufin zubi ɗaya ne yana zubowa tsakar gida ta kudu, sauran ɓangare ukun an zagaye da farafet. Akwai tankin ruwa akan ƙarfe ta gefen gabas ya ɗan fi rufin tsawo, sai darbejiyar maƙwabcinmu da rassanta suka leƙo.

Tambayata, in bari a ɗora haka daga baya in na samu sarari a gyara rufin, ko dole sai an gyara tukuna? In gyaran ne me da me ake dubawa? Gaskiya kuɗin a ƙirge suke, in na taɓa su dole in rage fanel. Allah ya saka da alheri.

Malam Kafinta:

Wa alaikumus salam Baban Ilham, Allah ya ba Hajiya lafiya yasa kaffara ne. Ni sana'ata kenan rufi, sama da shekara ashirin ina kan kwano, kuma a 'yan shekarun nan aikin da ake yawan kirana shine gyaran yoyo bayan masu sola sun sauka. Kar ka bari kowa ya hau rufin nan da fanel sai ka shiga cikin silin ka gani da idonka. Kwanon da kake kallo daga tsakar gida riga ce kawai, katakon dake ƙasa shine mai ɗaukar kaya, kuma wanda ya tsaya a ƙasa yace ba matsala bai ga katako ba.

Ka samu safiya kafin rana ta yi zafi don cikin silin da rana ba ya shiguwa, ka ɗau tocila da sukundireba, in akwai ƙofar silin ka shiga ta nan in babu a cire falle ɗaya. Ka dinga taka katako mai kauri kawai, kar ka taka silin. Duk rafta ka soka mata sukundireba, musamman inda ta zauna akan bango da kuma daidai wannan kusurwar da kace tana yoyo. Katako mai lafiya zai ƙi, zaka ji shi tauri. Wanda gara ta ci kuwa daga waje lafiya lau kamar sabo, kana sokawa sai ya shige kamar burodi, ƙasa-ƙasa ta zubo. Ka haska bango ka duba ko akwai layin jar ƙasa da ya hau sama, hanyar gara kenan. Yoyon shekara da shekaru a waje ɗaya kuwa da wuya ace katakon wajen bai ruɓe ba, ruwa ya jiƙa shi rana ta busar, ya jiƙa ya bushe, ƙarshe ko ƙusa ba ya riƙewa. Sannan ka kashe tocilar ka ɗaga kai, duk inda kaga haske na shigowa kamar taurari huda ce, ka ƙirga su.

Sai abu na biyu wanda mutane basa kula dashi, me ya ɗaure rufin da ginin. A da muna sa langa-langa ko rodi tun daga cikin bulo a lanƙwaso shi akan katako a buga ƙusa. Wani gidan zaka tarar an yi, wani kuma rafta a zaune take kawai akan bulo an liƙe da siminti, nauyinta ne kaɗai ke riƙe da ita. Mutane suna tsoron nauyin fanel zai danne rufi, ni ba nauyin nake tsoro ba, iska nake tsoro. Kowa yasan hadarin farkon damina anan, wajen watan Mayu da Yuni, yadda yake tasowa daga gabas da jar ƙura kafin ruwan ya sauko, shi yake yaye kwanon makarantu da masallatai duk shekara. Fanel faffaɗan abu ne, in iska ta samu ta shiga ƙarƙashinsa sama take ɗaga shi, in a jikin kwano kaɗai aka ɗaure shi to da kwanon zai tafi.

Bara na je wani gida da idona na gani, fanel huɗu aka ɗora akan angil ayon aka ɗaga su sama sosai ta baya wai don su kalli rana, aka ɗaure ƙarfen da sukuru a jikin kwano, ko ɗaya bai shiga katako ba. Iskar farko ta ɗauke su da falle bakwai na kwano ta kifa a gidan maƙwabta, Allah ya kiyaye yaran gidan suna ɗaki. Da na hau naga ramukan sukurun sun yage kamar an yaga takarda. Mai gidan a daren nan ruwa ya jiƙe masa katifu da kayan abinci, ga asarar fanel, ga biyan maƙwabci.

Don haka duk ƙafar da za'a kafa sai ta samu katako, kuma a saman tudun kwano ake hudawa ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, da wosha mai roba a ƙasan kan sukurun. Masu shafa silikon su tafi, rana ɗaya biyu yayi kyau, bayan shekara ranar Kano ta cinye shi ya ɓare. In katakon kwance da aka buga kwanon akai tu-bai-tu ne siriri, a ƙara tu-bai-tiri a layin da ƙafafun zasu zauna, a shafe shi da maganin gara kafin a sa. Kuma ka tsaya akan yaran da zasu hau, su dinga taka layin ƙusa don nan katako yake, wanda ya taka tsakiya kwanon zai loɓa ruwa ya dinga kwanciya a wajen.

Ni a ganina kwanon 2007 da ya fara ja, ka canza shi gaba ɗaya ka huta. Ance fanel yana shekara 25, kwanonka ba zai kai ba, kuma ranar da zaka canza shi sai ka biya a sauke fanel ka biya a mayar.

Injiniya Mai Sola:

Baba Kafinta Allah ya ƙara girma, wlh ka faɗi abinda da yawanmu masu haɗa sola bama son a faɗa, yaro ya koyi haɗa waya wata uku ya sayi dirin ya fara hawa rufin mutane bai san inda katako yake ba. Duk maganarka akan katako da ɗauri haka take. Inda zan ɗan saɓa maka shine canza rufin gaba ɗaya, bawan Allah yace kuɗinsa a ƙirge suke kuma akwai mara lafiya a gidan, bari in kawo lissafi sai a ga wajen da ake bukata.

Fanel mai wat 550 tsawonsa wajen mita 2.3 ne faɗinsa mita 1.1 da ɗan kai, nauyinsa kilo 27 zuwa 28. Guda shida kenan kilo 170 bai cika ba, ka haɗa da rel, wato ƙarafan da fanel ke zama akai, da kilam masu damƙe shi ace kilo 200, buhun siminti huɗu, kuma a baje suke akan fili mai kusan murabba'in mita 16, ba a waje ɗaya suka taru ba. Katako mai lafiya ko a jikinsa. In aka jera su a tsaye layi ɗaya zasu ci wajen mita 7 a faɗi, in layi biyu ne uku-uku kuma mita 3 da rabi a faɗi da mita 4 da rabi zuwa sama. To wannan wajen da zasu zauna da ɗan abinda ya zagaye shi, shi ya zama dole ya zama sabon kwano da katako mai kyau, don shine ba zaka sake samun damar taɓawa ba sai an kwance komai. Sauran rufin in katakonsa lafiya a canza ƙusoshin da suka saki a toshe huda, a kankare tsatsa a shafa fenti, baɗi ko baɗin waccan ka canza a hankali. Amma kusurwar dake yoyo ko ba a ƙarƙashin fanel take ba a gyara ta yanzu. In zaka sayi kwanon kuma kar ka ɗau mai shara-shara don araha, ka tafi da kafinta ya taɓa da hannunsa, in longspan ne kaurinsa kar ya gaza milimita 0.45, in da hali 0.55.

Batun fuska kuma ka yi sa'a da rufinka ke zubowa kudu. Mu nan muna arewa da tsakiyar duniya, Kano tana wajen digiri 12, shi yasa yawancin shekara rana ta ɓangaren kudu take ratsawa, musamman lokacin sanyi da zaka ga inuwarka ta tsakar rana ta miƙe arewa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta ne take ɗan komawa arewa kaɗan. Saboda haka bama bukatar ɗaga fanel sosai kamar yadda ake gani a hotunan Turai, digiri 10 zuwa 15 ya isa, kuma yawancin rufin kwano dama gangararsa kusan haka take, sai a kwantar da rel ya bi rufin, iska bata samun wajen kamawa. Irin wancan da Baba ya bada labari an ɗaga shi ta baya kamar allon talla, abinda za'a ƙaru dashi na wuta bai taka kara ya karya ba, haɗarin kuma ka ji shi. Amma kar a kwantar shamal, in bai kai digiri 10 ba ruwa da ƙura suna taruwa a bakin firam na ƙasa su zama laka su rufe layin ƙarshe. Kuma ka duba kudun da kamfas na waya, kar ka auna da alƙibla, alƙiblarmu ta ɗan karkata arewa ba gabas sak bace.

A bar tazara tsakanin kwano da fanel kamar santimita 10 zuwa 15 iska ta dinga wucewa. Mutane suna ɗauka zafi ne ke bada wuta, haske ne, zafin ma rage ta yake. Wat 550 ɗin da aka rubuta a zafin digiri 25 aka auna, duk digiri ɗaya da ya ƙaru ana rasa wajen kashi 0.35 cikin ɗari, to a watan Afrilu fanel akan kwano yana kaiwa digiri 65 ko fi, kaga kashi 14 ya tafi tun kafin ayi maganar ƙura, in kuma aka manna shi da kwano ya fi haka. A kuma ja da baya daga bakin rufin kamar rabin mita, a baki da kusurwa iska ta fi ƙarfi.

Yanzu sai inuwa, nan ne nake jin tankinka da darbejiya da farafet zasu bada matsala. Fanel shidan nan mai yiwuwa a jere za'a haɗa su waya ɗaya ta bi ta cikinsu duka, kamar tiyo ne, in ka take waje ɗaya ruwan duka yake raguwa. Akwai diyod a bayan kowanne da yake tsallake ɓangaren da inuwa ta rufe amma duk da haka asara ce, kuma wajen da inuwa ke zama kullum yana ɗaukar zafi har ya ƙone. Ka ware rana ɗaya ka leƙa rufin ƙarfe 9 da 12 da 3 na yamma, ka ɗau hoto ko ka zana da alli inda inuwa ta tsaya, inda babu inuwa a duka ukun nan ne wajen fanel. Ka tuna inuwar watan Disamba ta fi ta yanzu tsawo. Tankin tunda yana gabas da safe ne zai dame ka, sai a matsa da fanel yamma. Darbejiya kuma ka samu maƙwabcinka cikin mutunci a sassabe rassan tun kafin a ɗora, banda inuwa ganyenta yana toshe indararo, tsuntsaye kuma su kwana akai su ɓata gilashin.

Sai hanyar waya, a tsara ta tun yanzu kafin kafinta ya rufe. Kowane fanel yana bada wajen volt 50 in babu lodi, shida a jere volt 300 kenan na DC, wato irin wutar da fanel da batir ke bayarwa, kuma indai da rana akwai wuta a wayar nan ko ka kashe inbata, tana kisa kuma in ta yi tartsatsi bata mutuwa da sauri kamar wutar gida. Wayar sola ta asali za'a sa 4mm ko 6mm, a cikin fayif, a ɗaure ta a jikin rel kar ta kwanta akan kwano mai zafi, kar kuma a zura ta ta ƙarƙashin bakin kwano mai kaifi, iska tana kaɗa ta yana yanka ta a hankali har ranar da zata taɓa ƙarfe rufin gaba ɗaya ya ɗau wutar lantarki. Cikin silin ma fayif, saboda ɓeraye. Haɗin kuma da MC4, wato soket ɗin haɗa wayar sola, ba a murɗa waya a naɗe da salatif ba. A sa bireka ta DC da abin kare tsawa kafin inbata, a haɗa firam da rel da wayar atin zuwa rodin tagulla da aka kafa a ƙasa waje mai danshi. Ka tambayi mai aikinka waɗannan ɗaya bayan ɗaya, amsar da zai baka zata nuna maka ko shi zaka ba ko wani.

Maman Sadiq:

Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ni ba masaniya bace amma shekara biyu kenan da muka sa a gidanmu a Zariya, firiza nake kunnawa ina ƙanƙara da zoɓo, bari in faɗi abinda ya same mu ko wani zai amfana. Mu ba'a bar hanyar wanki ba. An cika rufin da fanel tun daga wannan bango har wancan, babu inda mutum zai sa ƙafa, da hunturu ya shigo ƙura ta kwanta akai kamar an barbaɗa garin masara, firizar da take daskarewa kafin la'asar sai ta koma sanyi kawai, na ɗauka batir ne ya lalace har na fara kuka don bashi muka ci. Da aka zo aka duba ashe ƙura ce. Yaron da muka sa ya wanke kuma don babu hanya sai ya taka kan gilashin, a ido bai fashe ba amma daga baya aka ce ɗaya ya tsattsage ta ciki. Dan Allah Baban Ilham a bar maka wajen tafiya ko taku biyu ne a gefe, a kuma san inda za'a dinga jingina tsani, in da hali a ja fayif ɗin ruwa zuwa kusa. Mu yanzu da hunturu duk sati ake wankewa da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi, da tsumma mai laushi a bakin sanda, ba omo ba soson ƙarfe.

Sai tantabaru, maƙwabcinmu yana kiwo, suka samu inuwa a ƙarƙashin fanel suka mayar gida, ciyayi da kashi suka taru suka tare ruwa, da damina ta zo ruwan ya koma baya ya shigo ta haɗin kwano ya sauko mana akan fi'ofi na ɗakin baƙi, wata ɗaya da gama shi. Sai da aka zagaye da raga. Da tun farko aka sa ragar da ba'a yi wannan asarar ba.

Abu na ƙarshe kuma wanda maza suke mantawa, kafin ranar aikin a aika gidajen maƙwabta a faɗa musu za'a hau rufi daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Matan mutane suna tsakar gida suna wanki da girki, banɗakin wasu ma babu rufi, kawai a ga samari huɗu a sama, mu sai da maigidan ya bi gida-gida yana bada haƙuri. Yaron da zai dinga wankewa ma a koya masa yayi sallama da ƙarfi kafin ya hau.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa. Mu nan Nijar tunda aka yanke muna kuran, wato wutar lantarki, daga Najeriya a watan Agusta 2023 mutane da yawa sunka koma sola, kuma gidaje da dama na ƙasa ne ko tol, wato kwano, mai rauni wanda ba ya ɗaukar komi. Abinda ni na yi, ban taɓa rufin ɗaki ba sam, na kira mai walda ya yi mini rumfa ta ƙarfe a tsakar gida, ƙafa huɗu an gina su cikin siminti, an ɗora fanel ɗin sun zama su ne rufin rumfar. Yanzu ƙarƙashi nan tsohuwata take shimfiɗa tabarma da rana, wanki kuma ko kan kujera ka tsaya ka kai, babu hudar rufi babu yoyo, ɓarawo ma sai ya shigo cikin gida kafin ya kai gare su. In tsakar gidanka da fili kuma katanga bata tare rana, ka auna kuɗin ƙarfe da na gyaran rufi ka gani wane ya fi sauƙi. Sai dai a gina ƙafafun da zurfi a sa ƙarfe mai kauri don iskar nan ɗaya ce da ta Kano.

Baban Ilham:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya biya ku, wlh kun buɗe min ido. Yau bayan asuba na shiga silin ɗin da ƙanina kamar yadda Baba Kafinta yace. A kusurwar falo rafta biyu sun tafi, ta farkon ina sa sukundireba ya nutse har mariƙi, da na ja sai ga gara fari fat tana zubowa a hannuna, ta biyun kuma ba gara bace ruɓa ce, ta yi baƙi tana marmashewa, kuma daidai saman inda Hajiya take sallah ne. Sauran na bi su ɗaya bayan ɗaya guda goma sha huɗu duk da ƙarfinsu. Langa-langa akwai ta ɓangaren tsakar gida amma ta baya wajen farafet ban ga ko ɗaya ba. Da na kashe tocila na ƙirga huda 23, yawanci a layin ƙusa ta gabas. Ɗan'uwa na Maraɗi shawararka ta shige ni amma tsakar gidan namu ƙarami ne kuma benen da ke kudu damu yana rufe shi tun ƙarfe biyu, rufin ne dai ke samun rana. Maman Sadiq maganar maƙwabta kam da ban tuna ba, na gode.

Na yanke shawarar in sayi fanel huɗu yanzu in sa kuɗin biyun a katako da kwano. Injiniya in na yi haka zan iya ƙara biyun daga baya? Baba Kafinta kuma raftocin nan biyu sai an yaye kwanon wajen duka ko ana iya gyarawa ta ciki?

Injiniya Mai Sola:

Zaka iya, huɗun ma wat 2200 ne, firij da fankoki da fitilu zasu ɗauka ba damuwa. Kawai ka duba takardar inbatar ka ga mafi ƙarancin volt ɗin da take fara caji dashi, huɗu a jere suna aiki a wajen volt 165, yawanci ya wadatar amma a tabbatar kafin a biya kuɗi. A kafa rel na guda shida tun yanzu a bar gurbin biyun, kar a sake huda rufi karo na biyu, kuma ka ɗau hoton takardar dake bayan fanel ɗin don in zaka ƙara ka nemo irinsu sak.

Malam Kafinta:

Alhamdulillahi da ka shiga ka gani. A yaye kwanon wajen, kar a yi ta ciki, dama kwanon kusurwar canza shi za'a yi. Mai garar a cire ta gaba ɗaya a fitar da ita daga gidan a ƙona, kar a ce za'a haɗa mata sabo a gefe, garar zata koma sabon. A bi layin ƙasar a bango har inda ta fito a zuba magani, sauran katakon duka a shafe su tunda an buɗe. Ta baya kuma a fasa bulo kaɗan a ƙarƙashin kowace rafta a zura rodi a lanƙwaso a ɗaure a mayar da siminti, a duba haɗin kwano da farafet ɗin ma don sau da yawa daga nan ruwa yake shiga ya gangara ya fito a wani waje. In an gama kafin mai sola ya zo a hau da tiyo a sakar wa rufin ruwa sosai kai kana cikin silin da tocila, in ya gama nasa aikin a sake yin haka kafin ka cika masa kuɗinsa. Hajiya kuma a matsar mata da sallaya daga kusurwar nan tun yau.